Tambaya da Amsa: Madubin Zafi a Kan Bindigar Maharbi

Tun da aka kai amfanin gona gida, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga harkar dawa, kuma da dama daga cikinsu suna tambaya ne a kan madubin nan da ake ɗaura wa bindiga, wanda yake nuna zafin jikin dabba a cikin duhu. Masu talla suna kiransa tamal, ni kuwa zan kira shi madubin zafi, domin aikinsa ke nan. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na kuma fi daɗewa a kan ta farko saboda a kanta sauran suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na fi shekara talatin ina harbin dare da fitilar goshi, sana'ar da na gada daga mahaifina. Ɗana da ke aiki a birni ya nuna mini bidiyo a waya, wani Bature yana hango alade a cikin duhu, ya ce madubin yana gani har mita 1,800, kuma yana so ya tara kuɗi ya saya mini. Shin da gaske yana gani haka, kuma zai yi aiki a dajinmu yadda yake yi a nasu? Daga wani maharbi a ƙasar Birnin Kudu.

Amsa: Wa alaikumus salamu, Baba. Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin ba kowane ɗa ne yake tuna sana'ar mahaifinsa ba idan ya samu abin hannu. Abin da ya nuna maka ba siddabaru ba ne. Duk abin da ke doron ƙasa, mutum ne ko dabba ko dutse ko itace, yana fitar da wani irin haske gwargwadon zafinsa, hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masana suke kira infirared. Wani masanin taurari a Ingila, Wiliyam Hashel, shi ya gano shi a shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana launi-launi, ya ajiye ma'aunin zafi a bayan jan launi inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Wannan hasken shi madubin yake tarawa. Idonsa ba gilashi ba ne, domin gilashi yana tare shi. Da wani ma'adini mai tsada ake yin sa, jamaniyum. A bayan idon akwai ɗan faranti da bai kai faɗin farce ba, an jera masa dubban ɗigogi, kowane ɗigo yana auna zafin ɗan wurin da yake fuskanta, sannan na'urar ta haɗa su ta zana hoto a ƙaramin allo, mai zafi ya fito fari, mai sanyi ya fito baƙi. Ba ya buƙatar farin wata ko tocila, kuma ba ya haska dabba balle ta firgita.

Maganar mita 1,800 kuwa gaskiya ce, amma ba a faɗa wa yaron rabinta ba. Kamfanoni suna auna wannan nisa ne da abu mai tsayin mutum a tsaye, a fili fetal, a yanayi mai kyau, kuma abin da suke nufi shi ne a wannan nisa za ka ga cewa akwai wani abu mai zafi, ba wai za ka san mene ne ba. Tun a 1958 wani masani a ɗakin binciken sojan Amurka, Jon Jonsin, ya raba gani gida-gida, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki: kimanin ɗigo 2 a kan faɗin abu sun isa ka hango shi, kimanin 8 ka ce mutum ne ko dabba, sai kimanin 13 kafin ka tantance wane iri ne, shi ma rabin masu kallo ne suke dacewa a wannan adadi. To, mu ɗauki madubi matsakaici, mai ɗigo 384 a kwance da 288 a tsaye, girman ɗigonsa maikiromita 12 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), idonsa milimita 35. A nisan mita 100 kowane ɗigo yana rufe kusan santimita uku da rabi na abin da kake kallo, a mita 1,000 kuwa ɗigo ɗaya yana haɗiye santimita 34, wato zomo sukutum bai cika ɗigo biyu ba. Zomon da ya laɓe, wanda tashinsa daga ƙasa bai wuce santimita 20 ba, ba za ka samu ɗigo 13 a kansa ba sai ka matso wajen mita 45, gada kuma sai mita 100 da 'yan kai. Maɓallin da ke jawo hoto kusa ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya, kumbura waɗanda ke akwai kawai yake yi har hoton ya dagule.

A hunturun bara na samu damar riƙe irin wannan madubi, na hannu wanda ba a ɗaura wa bindiga ba, a gefen wata fadama a ƙasar Ringim, tare da wani abokina mai noman rani. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, sanyi yana ratsa ƙashi, hoton ya fito tar, har injin ban ruwan da aka kashe tun ɗazu yana nan fari fat a bakin rijiya. Sai muka hango wani dunƙule fari a ƙarshen fangalin tumatir, gajere, yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar dabba mai kiwo. Ni na ce gada ce, shi ya ce akuyar wani ce ta kwance, babu wanda ya kawo mutum a ransa. Muka taka a hankali, sai da ya rage bai fi taku saba'in ba abin ya miƙe tsaye. Saurayi ne ya lulluɓa da bargo, ya tsuguna yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya, bargon ya danne zafin bayansa, kansa da hannuwansa da gwiwoyinsa kaɗai suke haske. Ya gaishe mu da ladabi ya ci gaba da aikinsa, bai san abin da muka ɗauke shi ba. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na san da madubin a kan bindiga yake, da na daɗe ina nuna masa bakinta.

Kai ka fi ni sanin abin da fitilar goshi take ba maharbi. Idon gada daban yake mayar da haske, na muzuru daban, na akuya daban, idon mutum kuwa ba ya ƙyalli irin na dabba, kuma da wannan ilimi iyayenku suka tsare hannuwansu daga jinin mutane. Madubin zafi yana ɗauke wannan shaida gaba ɗaya, ya bar ka da farin dunƙule da motsinsa. Ga shi kuma hangensa tsukakke ne: irin wanda na kwatanta, faɗin abin da yake nunawa a mita 100 bai wuce mita 13 ba, a mita 30 kuwa mita 4 ne kacal, saboda haka wanda yake tsaye gefe kaɗan ba ya cikin hotonka. Bidiyon da aka nuna maka, galibi a manyan gonakin Amurka ake ɗaukar irinsa, a jihohi kamar Tekzas inda aladun daji suka zama annoba, fili shimfiɗaɗɗe mai shinge wanda mai shi ya san babu kowa a ciki. Dajinmu kuwa ba ya rabuwa da mutane ko da tsakar dare: ga makiyayi kwance a gefen shanunsa, ga mai ban ruwa, ga wanda ya dawo daga cin kasuwa ya yanke ta gona, ga wanda ya fita kewayawa. Kisan kuskure a addininmu yana da diyya da kaffara, ban da shari'ar hukuma da baƙin cikin da ba ya barin zuciya.

Sai batun yanayi, wanda shi ma ya bambanta namu da nasu. Madubin ba zafi kansa yake nunawa ba, bambancin zafi yake nunawa tsakanin dabba da abin da ke kewaye da ita. A hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ƙasa tana hucewa da wuri, iska busasshiya ce, ciyawa ta kwanta, an yanke kara, nan ne yake nuna bajintarsa, kuma hazo marar kauri ba ya hana shi gani yadda yake hana tocila. A bazara kuwa, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40 a Afrilu, duwatsu irin naku na Birnin Kudu da na Dutse, da suri, da kututture, da fako, duk suna riƙe zafi har dare ya raba, sai allon ya cika da fararen dunƙulai waɗanda babu rai a cikinsu, zomo ya ɓace a tsakaninsu. Wanda zai yi aiki da shi a wannan lokaci gara ya jira bayan tsakar dare. A damina tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye wannan haske, kuma bayan an ɗauke ruwa komai yana komawa zafi ɗaya, dabba tana iya fitowa amma itace da rami da hanya su narke su zama toka-toka. Ba ya ratsa dawa ko gero da suka yi tsayi, ba ya ratsa duhuwar sabara da geza, sai dai ya nuna ɗan abin da ya leƙo ta tsakanin ganye. Zabon daji da fakara gashinsu yana rufe zafinsu, kai da ƙafafu ne suka fi fitowa. Damo da maciji kuwa zafin jikinsu yana bin na wurin da suke, saboda haka kububuwa tana iya kwance a gabanka allon bai nuna maka ita ba, alhali idon da ka leƙa da shi ya dushe da hasken allo, sai ya ɗauki mintuna masu yawa kafin ya sake sabawa da duhu.

Shawarata, Baba, idan yaron ya dage kuma takardun hukuma sun cika, ya nemi na hannu, wanda za ka duba daji da shi bindiga tana rataye a kafaɗa, idan ka ga abu ka matsa, ka tabbatar da shi da ido kafin yatsa ya kusanci kunama.

Tambaya: Malam, bindigata adaka ce, ƙirar maƙerin garinmu. Za a iya ɗaura mata wannan madubi? Daga wani matashi a ƙasar Gaya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ɓata kuɗinka. An ƙera madubin ne domin bindiga mai harsashi ɗaya wadda take kai shi wuri guda a kowane harbi, mai dogon ƙarfe a bayanta inda ake ɗaure shi da kusoshi, sannan a yi masa saiti har gicciyen da ke allon ya dace da inda harsashi yake sauka. Adaka ba ta da wannan mazauni, kuma ɗurin yau ba ɗaya yake da na gobe ba, tunda da hannu ake auna albarushi, ana kuma zuba mata ƙarafa masu watsuwa. Idan aka ɗaure shi da roba ko waya, harbi ɗaya zai gusar da saitin, tokar albarushi kuma ta zauna a kan idon. Ko bindigar tsuntsaye mai baki biyu, cin ta bai wuce mita 35 zuwa 40 ba, nisan da maharbi nagari ba ya buƙatar na'urar da kuɗinta ya kai na sabon babur kafin ya ga abin da ke gabansa.

Tambaya: Na ga wani yana tallar madubin a Facebook da arha ƙwarai, ya ce na sojan waje ne. Yaya zan gane na gaske, kuma yaya ake kula da shi a ƙauyen da babu wutar lantarki? Daga wani mai gona a yankin Haɗeja.

Amsa: Alhaji, arhar da ka gani ita ce abin tuhuma na farko, domin jamaniyum ba ya arha, kuma ya ƙara tsada tun da ƙasar Sin, wadda ta fi kowa samar da shi, ta sa takunkumi a kan fitar da shi a watan Agusta na 2023. Abin da aka fi sayarwa da sunan madubin zafi shi ne madubin dare na kyamara, wanda yake ɗauke da 'yar tocilar infirared a gefe, yana haska wuri da ita sannan ya ɗauki hoto. Shi ma yana da amfaninsa, har ya fi nuna siffar dabba da ƙyallin idonta a kusa, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Gwajin ba shi da wuya, muddin kayan yana hannunka kafin ka biya. Ka dafa bango da tafin hannunka na ɗan lokaci ka ɗauke, sannan ka leƙa: madubin zafi na gaske zai nuna maka sawun yatsunka biyar suna haske a bangon. Ka sa hannu a cikin baƙar leda, zai nuna hannun sarai kamar babu ledar. Ka tsaya a gaban gilashin mota ko na taga, ba zai nuna maka abin da ke ciki ba, sai inuwar zafinka da gilashin ya mayar. Idon nasa ma baƙi ne mai ƙyalli, ba a ganin cikinsa. Za ka kuma ji yana yin ɗan ƙas lokaci-lokaci hoton ya tsaya na ƙiftawar ido. Wannan ba lalacewa ba ce, yana daidaita ɗigoginsa ne. Sanannun kamfanoni irin su Pulsar da Hikmicro da InfiRay suna rubuta adadin ɗigogi a takardar kayansu, 256 da 192, ko 384 da 288, ko 640 da 512, tare da wani adadi na milikelbin wanda yake nuna ƙanƙantar bambancin zafin da farantin yake iya ji. Wannan adadi, ƙaraminsa shi ne mai kyau, kuma ga mai zaune a fadamar Haɗeja inda raɓa da tururi suke da yawa, ya fi adadin mitocin da ake talla muhimmanci. Ka lura kada a nuna maka adadin ɗigogin allo a ce na faranti ne, domin nan ne aka fi cutar masu saye.

Wajen kula, ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Kada a goge idon da bakin riga, domin yashi yana karce rufin da aka yi masa. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da tattausan ƙyalle, a mayar da murfi. Kada a fuskantar da shi ga rana ko da wasa, tana iya ƙona farantin. Batir ɗinsa na litiyum ne, wasu suna cin batir mai lamba 18650 da ake samu a kasuwa, ana kuma iya cajinsa da sola, amma zafi yana rage masa kwana, saboda haka ba a barin sa a mota ko a ƙarƙashin rufin kwano da rana. Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara maka shi idan ya lalace, domin ba aikin mai gyaran waya ba ne. Wanda ya ce maka kayansa na soja ne kuwa, ka nisance shi, dalilin yana cikin amsar da ke biye.

Tambaya: Ni ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, kusa da dajin Falgore. Yaranmu sun fara maganar haɗa kuɗi su sayi madubin nan na ƙungiya. Me doka ta ce, kuma me kake gani? Daga ƙasar Tudun Wada.

Amsa: Ranka ya daɗe, Sarkin Baka. Ka kyauta da ka tambaya kafin kuɗi su fita. Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku: ta toka lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, bindigar tsuntsaye da ta farauta mai harsashi ɗaya yana hannun Sufeto Janar, na yaƙi kuwa sai da izinin Shugaban Ƙasa. A shekarar 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisi, wanda ke nufin bindigar da madubin ya dace da ita, ita ce ta fi wuyar mallaka ta halal. Shi kansa madubin, kayan hangen dare suna cikin abubuwan da ba a shigo da su Nijeriya sai da takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma wanda aka kama da shi babu takarda, ba mai tallar za a tsare ba, mai riƙe da shi za a tsare.

Ka san dajinku ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, jami'an tsaro kuma suna sintiri a cikinsa. Saurayin da aka gamu da shi da dare ɗauke da bindiga mai madubin zafi, da wuya a tsaya jin cewa zomo yake nema. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ba a ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, inda aka kashe mafarauta 16 'yan asalin jihar Kano, wasunsu mutanen Torankawa a ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Allah ya jiƙansu da rahama. Zaluncin da aka yi musu ba shi da hujja ko kaɗan, amma ya nuna mana irin idon da ake kallon maharbi da shi a wannan zamani, ko da kayan gado ne kawai a hannunsa.

Falgore kuma gandun daji ne da aka keɓe, harbi a cikinsa haramun ne a doka da rana da dare, da madubi ko babu, kuma yana cikin wurare goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa, tare da dausayin Baturiya na Jigawa. A wajen gandun ma akwai Dokar Namun Daji ta 1963 da jihohinmu suka gada daga Jihar Arewa, da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Abin da ya fi damuna, ranka ya daɗe, kai shaida ne cewa barewar da mahaifinka yake gani a bayan gari yau sai labari, gada ma sai an sha tafiya. Duhu shi ne mafakar da ta rage wa ɗan abin da ya saura, kuma madubin ba ya nuna maka mai ciki ce ko mai shayarwa. Idan ƙungiya ɗaya ta riƙa share fage da shi kowane dare na rani guda, yaran da suka haɗa kuɗin su ne za su fara rasa abin harbi.

Idan damuwarsu gadu ne da yake ɓarna a gonakin bakin daji, ko ɓarayin dabbobi, to ku je da kanku ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma da wurin Baturen 'yan sanda na yankinku, da sanin Dagaci da Hakimi, ku bayyana buƙatarku a rubuce. Idan an amince, ku nemi na hannu daga dillalin da zai ba ku rasit da kwafin takardar shigo da kaya, a rubuta lambarsa a littafin ƙungiya, ya riƙa kwana a gidanka, kuma duk daren da zai fita a san sunan wanda ya ɗauka da gonar da za shi.